Kawu Ya Sauko Daga Ƙugiya

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa daga ni kawunki, da matata Inna. Yaya koyarwa, yaya ɗalibai, yaya sanyin tsaunin nan da aka kai ki? Mu dai lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa benen gidanmu ba tare da ta tsaya yi wa wanda ya gina shi faɗa ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda. Na nemi wayarki har na gaji, kullum matar nan ta cikin waya ce ke amsa min, wai ba a samun ki. Kuma maganar da ke tafe da ni ba ta "kina ji na, kina ji na" ba ce.

Kin san shekarun da na yi a saman ƙugiya, dogon injin nan na gini, ina ɗaga wa magina kaya sun girme ki. Ban taɓa sakin ko bulo ɗaya a kan kowa ba. To, kwanakin baya ina sauke damin rodi a sabon benen da muke ginawa, sai wani birkila ya shiga ƙarƙashin kayan. Dogo, abokin aikina mai ba ni alama da hannu, yana tsaye ta hagu yana ta ɗaga min hannu in tsaya. Ban gan shi ba. Sai da ya kwarma ihu a rediyon oba-oba na taka birki. Rodin ya tsaya yana lilo a saman hular mutumin.

Da na sauko Dogo ya ce, "Maigida, hannuna ya kusa cirewa, kuma wajena kake kallo." Uwata, wallahi ba duhu na gani a wurin ba, ba kuma hazo ba. Wurin ne kawai babu shi.

Na ɗauki hutu na je asibitin ido. Likitar sa'arki ce, amma in ta fara magana sai mutum ya gyara zama. Ta auna idon, ta sa ni na tura kai cikin wani farin kwano, wai duk ɗan hasken da na gani in danna maɓalli. Na ɗauka na cinye jarrabawa, sai ta nuna min takarda, gefe-gefenta baƙi ƙirin, musamman hagu. Ta ce hawan jinin ido ne. Na ce ai jinina lafiyarsa ƙalau. Ta ce sunan ne kawai haka, amma ruwan cikin ido ne ba ya samun hanyar fita, sai ya taru ya matse jijiyar gani, tana mutuwa a hankali daga gefe, babu ciwo babu ƙaiƙayi. Na ce a ba ni maganin da zai dawo da ita. Ta ce wanda ya tafi ya tafi, aikinmu shi ne tsare wanda ya rage.

Ta ba ni maganin ɗigawa iri biyu, wai ni da su har ƙarshen rayuwa. Suna da raɗaɗi, idona ya yi jajir, har Dogo ya fara tambayata me nake sha a ɓoye.

Maganar aiki ban yanke ba tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da kowa a nan. Damina ta kankama, ɗakin malamai yana yoyo, mun jera bokitai a tsakanin tebura.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na shiga aji na rubuta darasi a allo, sai da wata ɗaliba ta ce, "Malama, jiya kin ba mu wannan."

Ka tuna ina firamare, in motar makaranta ta bi ta inda kuke gini, sai in manna fuska a gilashi in ce wa yara, "Kun ga wancan ɗan ɗakin na can sama? Kawuna ne a ciki." Ba sa yarda. Ni kuwa a lokacin gani nake duk garin kai ka ɗora shi, hawa bayan hawa. Bayan rasuwar Umma, da ka ɗauko ni, ban taɓa jin tsoron komai ba in dai na ɗaga kai na hango ƙugiyar tana juyawa. Yanzu ka ce min akwai wurin da idonka ba ya kaiwa, sai na ji kamar an ce min ƙasa tana motsi.

Amma ka burge ni da ka tafi asibiti da ƙafarka. Wani da sai ya ce laifin Dogo ne da bai tsaya inda ya dace ba.

Na kai wa nas ɗin makarantarmu maganar, ta taɓa aiki a sashen ido. Ta ce masu wannan ciwon da yawa suna tsufa da ganinsu, in dai an kama shi an riƙe magani. Ta ce jan idon abu ne da aka saba gani. Ta ce in gaya maka, idan idon ya yi ja yana raɗaɗi, kada ka daina ɗiga maganin sai ka ga likita. Akwai wasu irin da za a iya canza maka.

Guguwa ta kayar da ƙarfen sabis na bayan makaranta, saboda haka waya sai wani ikon Allah. Ka ci gaba da rubutowa, motar da ke kawo mana kayan abinci tana biyawa gidan waya.

'Yarka

*

Uwata,

Takardarki ta iso lafiya, muna amsa gaisuwa. Ki riƙa sa safa, ki daina yawo da kai a buɗe cikin sanyi. Inna ta ce in faɗa miki haka, na faɗa.

Ki gode wa nas ɗinku ƙwarai. Na bi shawararta, na ajiye maganin har ranar da likita ta ce in koma, wata mai zuwa. Idona ya washe, ya yi fari tas, barci ma ya fi daɗi. Ashe dai maganin ne bai karɓe ni ba.

Yanzu ga babban labari. Na sauko daga ƙugiya.

Da hutuna ya ƙare na wuce ofishin injiniya, kwantenar nan mai fanka ɗaya, na ajiye masa takardar asibiti da makulli a kan tebur. Ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce, "Baba, saura kaɗan mu kai rufi. Kai da rabin ido ka fi wasu masu ido huɗu. Wa ya san wannan ban da ni da kai?"

Na ce, "Wanda ke ƙarƙashin kayan bai sani ba, shi ya sa."

Ya yi ta juya makullin a hannu. Ba mugun mutum ba ne, aiki ne ya sha masa kai. Daga baya ya ce ba zai sallame ni ba. Ya mayar da ni fili, ni ke duba sarƙoƙi da igiyoyin ƙarfe kafin a ɗaura kaya, kuma ni zan horar da wanda zai gaje ni. Wannan aikin hannu ya fi ido sani, in zare ɗaya ya tsinke a jikin igiya tafin hannuna zai gaya min.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar farko da na ga ƙugiyar ta juya ba ni a ciki, sai da na shiga bayan tarin bulo na ɗan jima. Dogo ya zo ya tsaya kusa da ni, ya miƙo min shayi.

Wayata ta zame daga aljihu ta faɗa cikin kwaɓin siminti, yanzu tana cikin ginshiƙin hawa na biyu, za ta daɗe a duniya fiye da ni. Ta Inna kuwa kin san halinta, tana ƙasan jaka a kashe, wai kada caji ya ƙare.

Kawunki

*

Kawu,

Ka yafe min gajeriyar gaisuwa. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da gari, motar kaya ta yi makonni ba ta hawo ba, sai yau takardarka ta iso hannuna, ta jiƙe ta bushe.

Kawu, ban ce ka daina magani ba. KADA KA DAINA na rubuta. Don Allah duk inda wannan takarda ta same ka, ka ɗiga maganin nan take, ka tafi asibiti, kada ka jira ranar da aka ba ka. Nas ta ce washewar idon ba sauƙi ba ne, matsin yana nan yana aikinsa a ɓoye.

Na taka da ƙafa har inda ake samun sabis, na kira Inna ban san adadi ba, a kashe. Na roƙi shugabar makaranta ta sake ni, ta ce ko ta sake ni babu motar da za ta tsallaka da ni. Wannan takardar wani mai babur na ba, zai bi ta tsohuwar hanya.

Ban san yadda aka yi ba. Na yi ta maimaita abin da na rubuta a kaina har na fara shakkar hannuna. In ni na manta kalmar, ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Ku amsa min ko da layi ɗaya ne.

'Yarka

*

'Yata,

Innarki ce. Kawunki an hana shi sunkuyo, an hana shi karatu na ɗan lokaci, shi ya sa na karɓi biro. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da rubuta abin da ya wuce cefane na manta. Muna lafiya, ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci kafin ki ƙarasa karantawa.

Takardarki ta mai babur ta makara, ta same mu mun riga mun koma asibiti. Ni na raka shi. Da likita ta auna sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Baba, kana ɗiga maganin kuwa?" Ya ce ya ajiye. Ta ce wa ya ce ya ajiye? Ina zaune ina jira in ji ya ambaci nas ɗinku, sai ya ce, "Ni ne. Ido ya min daɗi na bi daɗin." Ta yi masa faɗa kamar ɗanta, yana ta "to, likita, to, likita." Ta ce matsin ya hau sosai, idon hagu ya ƙara rasa wani yanki, na dama dai da sauƙi. Ta ce dama tun farko tana tunanin hagun magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, yanzu kam sai aiki.

Da muka dawo gida na ce ya ba ni takardar taki in gani da idona. Ai kuwa ga "kada" ɗinki nan, can a ƙurewar shafi ta ƙasa, kin matse shi kamar fasinjan da ya rataya a ƙofar bas. Bayan takardar kuma ya fara da "ka daina ɗiga maganin." Shi gefen takarda ba ya ganinsa sai ya juya kai. Na ɗora masa yatsa a wurin. Ya daɗe yana kallo, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe har a takarda Dogo yana ɗaga min hannu ban gani ba." Sannan ya ce kada in kuskura in gaya miki. Washegari mai babur ya buga ƙofa, muka ga kin riga mu sani.

An yi aikin lafiya. Likita ta ce wata 'yar ƙofa ta buɗe wa ruwan a ƙarƙashin fatar ido ta sama, don ya riƙa zirarewa. Ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma matsin ya sauka, ta ce ta ji daɗin yadda wurin ke warkewa. Muna yawan komawa ana dubawa. An hana shi ɗaukar abu mai nauyi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga ƙarfe sama, yau ni ke ɗaukar masa buta.

'Yata, shekarun da na yi da mutumin nan ina ganin na gama saninsa, ashe da saura. Na ɗauka zai kwanta ya juya wa duniya baya. Ina! Ya mayar da ciwon nan wurin aiki. Kwalbar safe ya ɗaure ta da roba a jikin buroshin haƙorinsa, ta kwanciya tana kan filo. In lokacinsu ya haɗu, tsakanin magani da magani sai ya ɗan jira, wai kada na biyu ya wanke na farko. Ya kafa doka a gidan nan, ƙofa ko a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe, ban da rabi. Kafin a yi masa aikin ya sa Dogo ya kawo ragowar fenti rawaya, ya shafa a bakin kowace matattakala tun daga ƙasa har ƙofarmu. Mai gidan da muke haya ya zo da faɗa, sai tsohuwar hawa na uku ta leƙo ta ce in ya goge fentin ita da shi ne.

A asibiti kuwa, in muna jiran layi, sai ki ga ya tara mutane a benci yana koya musu ɗiga magani. "Ɗaga kai, ja fatar ƙasa, ɗigo ɗaya ya isa, ba miya kake zubawa ba. Rufe ido, danna kusurwar nan ta wajen hanci, ka ɗan daɗe." Har nas-nas suna turo masa sababbin zuwa.

Abu ɗaya ne ke ba ni haushi. Maganin da yake sa wa idon dama ya sa gashin idonsa ya yi tsawo ya yi baƙi, zara-zara. Ni da na yi shekaru ina fama da kwalli ban samu rabin haka ba.

Yanzu saƙonsa. Likita ta ce ciwon yana bin jini, duk wanda ya haɗa uwa ko uba da shi, da 'ya'yansu, su je a auna su. Ya ce in gaya miki ba shawara ba ce.

Innarki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Inna, na gode, na ci abincin kamar yadda kika ce, amma bayan na gama kuka.

Kawu, ka ce wa likita kai ne. Amma laifin nawa ne. Ka gaya min tun a takardar farko cewa gefe ba ka gani, ni kuma don rowar takarda na tura kalmar da ta fi kowace muhimmanci can gefe. Ni da nake koya wa yara su bar fili a bakin shafi. Wannan yankin da ka rasa a idon hagu, kullum in na kwanta sai na tuna shi.

Ka ga yanzu rubutuna manya ne, a tsakiyar shafi, kuma ba na juyawa baya.

Maganar awo, in sha Allah zan je. Sai dai yanzu jarrabawa ta matso, ga makin takardu, asibitin da ke da irin na'urar kuma yana babban gari, tafiyar yini guda. Ni ganina garau yake, daga bakin allo ina hango mai satar amsa a kujerar ƙarshe. Kuma ai ciwon manya ne. In an yi dogon hutu sai in duba.

'Yarka

*

Uwata,

An sake min biro. Lafiyata lau, na koma fili, sai dai Dogo ba ya bari in ɗaga ko da guduma.

Magana biyu gare ni, ta farko gajeriya ce. Ke kin rubuta daidai, ni na karanta ba daidai ba, kuma ni ne na ajiye maganin likita ban koma na tambaye ta ba, don raina yana so. An gama wannan. In kika sake kawo ta zan sa Inna ta daina aiko miki da man shafawa.

Ta biyu ita ce mai nauyi. Kin ce ganinki garau. Ni ma ranar da na kusa sauke rodi a kan ɗan mutane, ina iya karanta lambar mota daga saman ƙugiya. Wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shigo.

Ke ba ki san kakarki ba, wadda aka sa miki sunanta, har nake kiran ki Uwata. Tela ce, tana saka zare a allura ba tabarau. Amma tun ba ta tsufa ba ta fara bugun ƙofa da kafaɗa, tana ajiye kofi a inda take zaton tebur ya kai, ya faɗi. In ka shigo ta gefenta sai ta firgita ta ce kana sanɗa. Kowa ya ce garaje ne, daga baya aka ce tsufa ne. Ta rasu ba ta ganin tafin hannunta. Da na ba likita wannan labarin ta ce ba za ta rantse ba, amma ya yi kama. A zamaninta babu wanda ya san a auna. Ke kin sani.

Na bi dangi gida-gida. Kawunki babba sai da na zauna masa a shago na hana shi ciniki kafin ya tashi. An auna shi, lafiya lau, yanzu yana ta yi min gori, wai ya ɓata yini a banza. Na ce Allah ya sa kullum a banza ne. Amma babbar 'yarsa, mai aiki a kemis, an samu nata ya fara hawa, kuma ba ta girme ki da yawa ba.

Ki nemi izinin yini biyu. Ki ce a auna matsin ido, a leƙa jijiya, a sa ki a kwanon hasken nan. Ba gwajin karanta haruffa a bango ba, wannan ni ma ina cinye shi. In takardarki ta gaba ba ta zo da labarin asibiti ba, zan hau mota in zo, in tsaya a gaban ɗalibanki in ba su labarin yadda kika yi kuka ranar da aka fara kai ki makaranta.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kai da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Ba sai ka hau mota ba. Na je.

Na zauna a benci cikin tsofaffi, wata ta tambaye ni wa na rako. Da aka sa ni a kwanon sai na tuna ka, na yi ta dannawa har mai na'urar ya ce, "Malama, wanda kika gani kawai, ba gasa ake ba."

Likitan ya daɗe yana leƙa idona na dama. Sannan ya ja kujera ya tambaye ni ko akwai mai wannan ciwon a gidanmu. Ya ce matsin ya wuce yadda ake so a duka biyun, jijiyar dama ta fara nuna alama, amma ganina bai taɓu ba tukuna. Ya sa na kwana na sake komawa da safe aka maimaita, abin dai haka yake. Ya ce, "Wa ya turo ki? Irinku ba sa zuwa sai abu ya yi nisa." Na ce kawuna ne, direban ƙugiya. Ya ce in gaishe ka.

A motar dawowa na yi ta rufe ido ɗaya ina buɗe ɗaya, ina duba ko bishiyoyin gefen hanya suna nan. Tsoro nake ji, Kawu, ba zan ɓoye ba. Ina lissafin shekarun da ke gabana da wannan 'yar kwalbar, sai in ga sun yi yawa.

Amma da na zo ɗigawa a karon farko, na zubar da ɗigo biyu a kumatu, sai na ji kamar muryarka daga bencin asibiti, ba miya kike zubawa ba. Na yi dariya ni kaɗai, na uku ya shiga.

Ka rasa aikin da kake so, ka rasa wani yanki na idonka, kuma a cikin wannan halin ka tashi kana bin gidajen mutane kana tsare musu nasu. Na yi ta neman kalmar da zan gode maka da ita, ni malamar harshe, ban samu wadda ta kai ba.

Idona ya yi ja. Ɗalibai suna zaton kukan makinsu nake yi.

'Yarka

*

Uwata,

Gaisuwa daga gidan masu dogon gashin ido. Mun daɗe ba mu rubuto ba, aikin rufi ne ya riƙe ni, kuma na ji daga wayar Inna, da ta yarda ta kunna, cewa awonki na biyu ya yi kyau. Haka ake so. Ki riƙa sayen sabuwar kwalba tun tsohuwar ba ta ƙare ba, musamman da damina, kin san halin gadarku. Shekarun da kike lissafawa kuma ki bar su, ba a tare suke zuwa ba. Na yau kawai za ki ɗiga.

Mun gama benen. Wanda na horar ya ɗora ƙarfen ƙarshe ba tare da ya girgiza ba, hannunsa ya yi laushi. Kafin a kwance ƙugiyar injiniya ya ce ko ina so in hau sau ɗaya, ba don aiki ba. Likita ta amince, Dogo ya biyo ni a baya yana ta mita. Na zauna a kujerata. Da can in na zauna a nan garin gaba ɗaya yake shigo min lokaci guda. Yanzu sai na bi shi kaɗan-kaɗan, ina juya kai, ga tashar mota, ga rufin kasuwa, ga makarantarku ta firamare an sake mata fenti. Komai yana nan, sai dai a bi shi da haƙuri. Na gama kallona na sauko, kuma ban shiga bayan bulo ba.

Jiya na koma asibiti. Likita ta sa ni a kwano, sannan ta jera takardu biyu a gabana, ta bayan aiki da ta yanzu, ta ce in nuna mata bambanci. Na duba, na juya kai, na sake dubawa. Na ce ban ga komai ba. Ta ce ita ma haka. Baƙin bai matsa ba ko kaɗan. Uwata, ban taɓa sanin mutum zai yi murna don an ce masa babu abin da ya canza ba. Inna ta rungume likitar mutane a gaban kowa.

An ce hutunku ya kusa. Ki gaya min motar da za ki shigo, ni zan zo tasha da kaina. Akwai cunkoso a wurin, saboda haka in kin hango ni ba sai kin ɗaga hannu daga nesa ba. Ki tako ki tsaya a gabana sosai, in gan ki da kyau.

Kawunki